Ba a Cin Iri

Ranar da Larai ta sauka gidan ƙaninta Sallau a Zinder, kaya biyu ne a hannunta: ƙullin tufafinta da wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Damina ta yi ƙarya a ƙauyensu Durum. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, rana ta ƙone shi a tsaye, rumbun da mijinta ya bar mata ya koma ɗakin ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Ta ci ganyen tafasa, ta ci na jiga, ta ci anza wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya yarda a haɗiye. Amma tulun nan ba ta taɓa shi ba.

Iri ne a ciki. Ɗan gajeren gero mai saurin nuna, wanda ƙasar gonarta ta saba da shi, ta tsince shi zangarniya-zangarniya a shekarar da aka samu, ta sussuka, ta cuɗa da toka don kada ƙwari su shiga. A ƙauye ko yaro ya san wannan: ana sayar da akuya, ana sayar da tasa, ana kwana da yunwa, amma ba a cin iri. Wanda ya ci irinsa ya ci baɗi. Dalilin da ya sa ma ta ɗauko shi ke nan, don ta ga yunwa ta fara sa mutanen kirki leƙa ɗakunan da ba nasu ba. A birni kuwa, gidan mai albashi, wa zai kula da ɗan tulun laka?

"Yaya, wannan fa?" in ji Sallau, yana nuna shi da makullin mota.

"Iri ne. Ajiya na kawo. Ruwa na sauka zan koma."

"Allah ya kai mu," ya ce. Ya san abin da ake nufi sarai, don shi ma a bayan sungumi ya tashi, kafin lakwal, wato makarantar boko, ta kai shi aikin ofis a buro ta ɗaura masa agogo.

Matarsa Ramlatu ta ba ta ɗakin ajiya, tsakanin wata matacciyar firigo da ragowar buhun siminti. Akwai 'yar fanka mai kuka kamar an shaƙe ta. Larai ta tura tulun can ƙuryar, ta rufe da tsohon zane, ta yi godiya har da ɗurƙusawa.

Baƙunta ba ta yi nisa ba. Da farko, "Yaya Larai, ko za ki ɗan taya ni tankaɗe?" Daga nan sai wanke-wanke. Daga nan sai ruwa, don famfon unguwar ya daɗe da bushewa, kuma Ramlatu ta ga ba dalilin biyan ga-ruwa alhali ga mai ƙafa biyu tana zaune a gida. Larai ta riƙa ɗaukar jarka tana bin rana har bayan duwatsu. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce wa ranta zaman na ɗan lokaci ne, kuma mai cin tuwon wani ba ya naɗe hannu.

Gidan yana da ɗa namiji guda, Mai Nasara. Sunan ne dai kawai. Gemu ya fito masa, ya faɗi jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare har an daina tambaya, sai uban ya sayo masa mashin ɗin wasa, baƙin akwati da ake haɗawa da tele, wato talabijin, wai don kada ya shiga yawon banza. Shi ke nan falo ya zama fadarsa. Tun hantsi abokansa suke cika shi, su zube a kan tabarma, su riƙe abin dannawa da hannu biyu suna harbin mutanen tele. In an sauke tukunya su ne farko. Abin da ya rage a gindinta shi ne na Larai, wani lokaci ƙanzo, wani lokaci ruwan da aka jiƙa shi. Ramlatu takan ce, "Ku mutanen ƙauye ai kun fi mu juriya," ta faɗa da fara'a kamar yabo take yi.

Da bazara ta kankama, Mai Nasara ya shigo ɗakin ajiya ba sallama, ya cire fankar.

"Gwaggo, mashin ne ke zafi. In ya ƙone asara ce babba. Ke ai kin saba."

Ta saba. Ta koma kwana a bakin ƙofa, ƙuraje suka feso mata a wuya da baya, tari ya kama ta. Ba wanda ya ce mata sannu, amma kullum sai an taɓa bayan akwatin a ji ko ya huce.

Damuwar Mai Nasara ɗaya ce a duniya: abokansa suna cinye shi. Mutumin da yake juyawa a tele bai cika daɗewa ba sai a harbe shi, ya faɗi, a yi masa dariya a falon ubansa. Sai ya ji labarin wani Ari mai gyaran rediyo da tele a bayan kasuwar Dole, wanda ke sa wa mashin wani furogaram da ba na masu shi ba. In an sa, sai mashin ya karɓi kod, wato lambobin satar hanya. Ya matsa wa uwar, uwar ta matsa wa uban, uban ya biya don a bar shi ya yi barcin rana.

Ari ya zo da azahar, siriri, mai ladabi, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya ce aikin yana son sanyi, fankar kuma ba ta isa ba. Sai aka ƙwala wa Larai kira daga wajen turmi.

"Gwaggo, zo ki yi wa mashin fifita."

Ta zo. Ta zauna a ƙasa da mafici, mace mai furfura, tana yi wa akwati fifita, gumi yana bin ƙurajenta. Ari ya kalle ta ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sannu, Inna." Ya ciro wani ɗan kat, wato katin ajiyar bayanai, baƙi kamar kwalin ashana ya soka a mashin, ya soka na Mai Nasara a gefensa, ya ce zai juye abin da ke cikin nasa zuwa wancan. Rubutu ya riƙa gudu a tele.

"Sai dai a yi addu'a kada wuta ta ɗauke," in ji shi. "In ta ɗauke a tsakiya, kat ɗin ya mutu."

Larai ta kasa haƙuri. "Wai me ake sa masa ne?"

Mai Nasara ya yi dariya. "In an gama, Gwaggo, ba na mutuwa. Ko an harbe ni raina cike yake. Harsashi ba ya ƙarewa, guzuri ba ya ƙarewa, kome sai dai in danna."

"Su abokan naka sun sani?"

"Ai daɗin ke nan, ba su sani ba."

"To ashe ha'inci ne."

"Wasa ne, Yaya Larai," Ramlatu ta amsa daga ƙofa. "Yi fifitarki."

Ba ta rufe baki ba tele ta yi ɗif. Fanka ta tsaya. Mai Nasara ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu, irin wanda Larai ba ta ji an yi ba ko ranar da saniyar ƙarshe ta faɗi a Durum. Kat ya mutu. Ari ya ce sai an sayi sabo, an sake aikin daga farko. Da yamma Sallau ya ce shi ya yi nasa, ba ya ƙarawa, shekarar ba ta wasa ba ce. Yaron ya daina cin abinci a gaban mutane, ya koma ci a ɓoye. Uwar ta riƙa zagaya shi tana lallashi kamar mai jinya.

Wata safiya Ramlatu ta tashi Larai da jarka biyu, ta ce yau ta je rijiyar can nesa, ruwan kusa ya yi gishiri. Larai ta tafi. Da ta dawo rana tsaka, ta tarar da Ari yana ɗaure wani ɗan buhu a bayan babur ɗinsa. Ya gaishe ta, ya wuce. Daga falo kuwa sai sowa. An yi aikin, wuta ba ta ɗauke ba. Mai Nasara yana tsaye a tsakiyar harsashi a tele, ana ta harbinsa ba ya faɗuwa, abokansa suna rantsuwa cewa yaron nan ya ƙware.

Aka ɗauki kwanaki haka. Sannan iska ta juya, ta fara zuwa da ɗanshi, gabas ta riƙa haɗa baƙi da la'asar, shamuwa ta sauka a kan gawon bayan gida. Larai ta ji jikinta ya yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. Ta wanke tufafinta, ta shiga ƙuryar ta janyo tulun.

Nauyinsa ne ya fara ba ta tsoro, ya fi yadda ta san shi. Sannan ta shafa bakin. Ita da laka da kashin shanu ta liƙe shi, har da shaidar babban yatsanta a gefe. Wannan kuwa siminti ne, an shafe shi sumul. Ta ɗauko taɓarya ta buga. Yashi ne ya zubo, jan yashin tsakar gida, da 'yar toka a sama don rufa ido. Ta zuba hannu har gwiwar hannu tana lalube, ta samu ƙwaya uku ko huɗu manne a gindi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tulun ta kai falo ta ajiye a gaban tele.

"Gwaggo, kin tare mana!"

"Ina irina?"

Mai Nasara ya dubi uwarsa. Abokan suka fara neman takalmansu. Ramlatu ce ta amsa, ko kunya babu a idonta.

"Haba Yaya Larai, a kan ɗan geron nan mai toka za ki tara mana jama'a? Ari ne ya ce bana gero ya fi masa kuɗi a ladan aikinsa. Yaro ya rame, ba ya ci ba ya sha, in zuba ido? Aro ne aka yi."

"Aro ba da sanin mai shi ba?"

"To ke tun zuwanki me kike ci? Mun taɓa auna miki? Abin gida ai na gida ne."

"Da nufin mayarwa muka yi," in ji Mai Nasara, idonsa na kan tele. "Shi ya sa ma na rufe da siminti, ya fi lakar ƙarfi."

Da Sallau ya dawo daga buro, Larai ta tare shi a zaure. Ta yi zaton ko a nan za ta ga ɗan'uwanta. Ya saurara, ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

"Bai kyauta ba, Yaya, wallahi bai kyauta ba. Amma ƙuruciya ce. Kuma na ji a buro za a raba iri a ƙauyuka."

"Yaushe?"

"Ana kan magana."

"Ruwa zai jira maganar?"

"Ki yi haƙuri, kada a ji mu a waje. Gero ai gero ne, za a ba ki wani. In ma ba ki koma ba, me kika rasa a nan? Ga ci, ga sha, ga inuwa. Ramlatu ma tana jin daɗin zamanki."

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi shiga Larai. Ta gane cewa tulun ba shi kaɗai aka cika da yashi ba. Gidan ya samu mai ɗebo ruwa kyauta, kuma ba mai gaggawar ganin ta tafi.

Washegari ta bi tambaya har bayan kasuwar Dole. Ta samu Ari a rumfarsa cikin gawarwakin rediyo. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi salati.

"Inna, ce mini aka yi tsohon gero ne da ya yi datti a ɗakin ajiya. Wallahi da na san iri ne..."

Ya kai ta gidansa, ɗaki ɗaya a lungu. Matarsa Bintu ta fito da goyo, wasu yara biyu suna riƙe da zaninta, wuyansu kamar sillen kara. Ta ce ta wanke tokar, ta surfa, ta yi musu kunu da shi har ya ƙare. Ta ce ba ta taɓa dama gero mai gardi irinsa ba. Ta faɗa tana hawaye. Larai ta dubi yaran, ta nemi fushin da ta zo da shi ta rasa inda za ta sauke shi.

"Allah ya sa ya zame musu magani," ta ce, ta juya.

A hanya ta bi ta wajen masu awo. Geron da ke kasuwa daga kudu aka kawo shi, dogo mai son ruwa da yawa, wanda ko an shuka a yashin Durum sai dai ya yi kara. Shi ɗin ma ba ta da abin saye. Ta dawo gida da la'asar, ta tarar jarkoki suna jiranta a bakin ƙofa.

Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, hadari ya taso daga gabas ya rufe garin. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda manomi ke tona ƙasa ya ga laima ta wuce tsawon hannu. Yara suka fita tsirara suna tsalle. Larai tana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, ƙanshin ƙasa yana shiga mata har ƙirji. Ta san gobe da asuba duk Durum za a fita, maza a gaba da sungumi, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gonarta ce kaɗai za ta kwana ta tashi ba sawun kowa.

Da ruwan ya tsagaita, Ramlatu ta fito daga madafa da ƙwarya cike, ta ajiye a gabanta. Sallau yana zaune a baranda da shayinsa.

"Ga shi, Yaya Larai. Har ya fi naki yawa, kuma mai tsabta ne, ba toka ba tsakuwa. Magana ta ƙare ko?"

Larai ta duba. Surfaffen gero ne, wanda ita da kanta ta surfa jiya, ta bushe dusar, ta wanke, ta shanya don tuwon gidan. Fari tas, an kashe masa ido a turmi. Ramlatu 'yar birni ce, wataƙila da gaske ba ta san bambanci ba. Larai ta ɗaga kai ta dubi ƙaninta. Shi kuwa ya dubi kofin shayinsa.

Larai ta ɗauki ƙwaryar. Ta ɗauki taɓarya. Ta taka zuwa tsakiyar gidan inda ƙasa ta jiƙe, ta buga rami, ta jefa 'yan ƙwayoyi, ta rufe da diddige. Ta yi taki ɗaya ta sake bugawa. Ta bi layi tiryan-tiryan daga bakin zaure zuwa gindin bango, ta juyo ta kama na biyu, tari yana tsayar da ita, tana ci gaba.

"Yaya Larai, lafiya? Za ki ɓata mini tsakar gida!"

Larai ta wuce Ramlatu ta ci gaba da bugawa. Maƙwabta da suka leƙo ganin yadda ruwa ya yi suka tsaya a zaure. Kaji suka biyo ta a baya suna tono. Sallau ya ga idanun mutane, ya ajiye kofin, ya sauko cikin taɓo da takalmansa masu tsada, ya rage murya.

"Yaya, don Allah bari. Kina ba mu kunya. Ai kin san surfaffe ba ya tsirowa."

Ta tsaya. Ta miƙe a hankali, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ashe ka sani," ta ce.

Ta ajiye masa ƙwaryar a gaban ƙafarsa.

Ba wanda ya kori Larai daga gidan nan, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Abin ƙyamar ke nan. In ka tambayi Ramlatu za ta ce ta riƙe 'yar'uwar mijinta a shekarar yunwa, kuma mutane za su sa mata albarka. In ka tambayi Sallau zai ce yana jiran a gama magana a buro. Farin da ya ƙone Durum daga Allah ne, kuma bai iya cin irin Larai ba, ta tsallake da shi a ka. Sai da ta kawo shi gidan da ake ƙoshi aka cinye shi, don wani ƙato mai gemu ya ji daɗin cutar abokansa a wasa.

Damina ta yi kyau a shekarar. Masu zuwa daga Durum suka ce gero ya rufe mutum, sai gona ɗaya da ta cika da ƙarangiya, 'yan'uwan mijin har sun fara cewa tunda ba ta nomawa gara a ba mai iyawa. Larai tana nan a ɗakin ajiya. Ƙwayoyin nan da ta samu a gindin tulu ta ƙulle su a bakin zaninta, ba ta kwancewa ko za ta yi wanki. Kullum da hantsi takan ɗauki jarka ta bi ta gaban falo, inda fankarta ke hura akwati, Mai Nasara kuma yana ihu da iyakar muryarsa:

"Ku harba! Ku yi ta harbi! Ni ba na mutuwa!"